Yadda Ake Zama Farfesa da Kalma Ɗaya

Duk malamin harshe da ke son ƙarin girma kafin damina ta faɗi, ga hanya na ba shi kyauta.

Da farko, tashi daga Birnin Kebbi da hantsi ka nufi Argungu. Kada ka kuskura ka gangara bakin Matan Fada, akwai laka, ga takalminka sabo. Tsaya a tasha, ka sayi soyayyen kifi, ka kasa kunne. Da ka ji wani ya ce "sunka tahi" inda Bakano zai ce "suka tafi", alhamdu lillahi, bincike ya kammala.

Na biyu, a yanka. Mai sayar da giwan ruwa ya san ribar tana cikin gunduwa-gunduwa, to haka za ka yi wa "sunka". Muƙala ta ɗaya tsarin sautinta, ta biyu ƙirarta, ta uku gurbinta a ginin jumla, ta huɗu yadda mata ke furta ta, ta biyar "Sake Waiwayar Sunka". A rubuta su da Turanci mai kauri, don kada mai kalmar ya gane da shi ake. A ɗora musu ra'in wani Bature da bai taɓa shan ranar Kabi ba. In kalmar ta ƙi shiga ra'in, laifin Bakabe ne, bai iya harshensa ba.

Na uku, kada ka manta da zumunci. "Dakta, don Allah sa sunana, in na yi tawa in sa naka." Sai ga mutum shida a kan kalma mai gaɓa biyu, kowace gaɓa mutum uku.

Na huɗu, nemi mujallar da ke kiran kanta ta ƙasa da ƙasa, alhali ofishinta bai wuce wayar edita ba. Tura muƙala da azahar, tura kuɗi da la'asar, kafin magariba masu tantancewa sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Gaskiyarsu, ba su gan ta ba.

Mai zaton na zuzuta, ya tuna da John Bohannon. A 2013 ya ƙirƙiri muƙalar bogi kan maganin sankara, ya cusa mata kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, kamar yadda ya bayyana a mujallar Science. Tun a 1996 ma Alan Sokal ya yi wa mujallar Social Text ta Amurka irin wannan tarko, ta faɗa. Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Sai dai asararmu ta fi tasu. A 1934 ƙamusun Bargery ya fito, har da alamar kalmomin Sakkwato da na Katsina a ciki. A shekarar ce kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Sama da shekara casa'in ke nan, mu kuma muna ta sake gano abin da aka riga aka rubuta. Ainihin aikin yana can bakin ruwa yana jira: sunayen kifaye, sassan homa da gora, lokutan hawan ruwa da janyewarsa a fadama, ire-iren shinkafa, kirarin Sarkin Ruwa. Duk suna bakin tsofaffi, jikokinsu kuwa Hausar fim ɗin Kano suke kwaikwayo. Ga Dakarcin Zuru, ga Gungancin Yawuri, ga Dandancin Kamba, kowane yana bukatar mai zama da haƙuri.

Ba a rasa malamai masu tsoron Allah da ke yin wannan aiki ba. Amma wanda ya ɓata shekara uku yana tattara kalmomin masunta, yana ji yana gani mai "sunka" zai wuce shi, domin ma'aunin ƙidaya yake yi, ba karatu ba. Nan gyaran yake. Kwamitin ƙarin girma ya ce wa kowa ya kawo muƙalunsa uku mafi inganci, a karanta su baƙi da baƙi. A ba ƙamusun sana'a da muryoyin da aka naɗa maki mai tsoka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie su haɗa kai da Gidan Tarihi na Kanta, a ajiye irin waɗannan muryoyi inda Bakabe zai je ya saurari kakansa. A kuma daina raina muƙalar da aka rubuta da Hausa.

Ilimi amana ne, kuma akwai ranar da za a tambayi kowane malami abin da ya yi da nasa. A can babu editan da ake tura wa kuɗi, kuma babu mai sa sunan wani.