"Gaggawa" ba lasisin rabon kwangila ba ce

Duk sanda ambaliya ta ci gari, kalma ɗaya ce ke yawo a ofisoshinmu: gaggawa. Ka kuskura ka tambayi yadda aka zaɓo kamfanin da zai kwashe laka ko ya gyara kwalbati, nan take za a ce maka, "Mutane na kwana a firamare, kai kana maganar takarda?" Shi ke nan an rufe maka baki, ka zama mara tausayi.

To, ni ma'aikacin gwamnati ne, fayil nake ɗauka kullum, kuma na ce wannan magana yaudara ce. Ruwan nan ba kwatsam yake zuwa ba. Duk shekara NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da jerin wuraren da ke cikin haɗari, tun kafin a yi shuka. Madatsar Alau da ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shanye Maiduguri, ai a 1994 ma ta taɓa yin haka. Me zai hana jiha ko ƙaramar hukuma ta tantance 'yan kwangilarta tun da rani? A je yadin mutum a ƙirga tifa da katafila da ido, ba a hoto ba. A duba aikin da ya taɓa gamawa. A daidaita farashin kwashe tifa ɗaya tun ana cikin natsuwa. Ranar da ruwa ya zo, waya kawai za a ɗaga.

Ba a yin haka ne domin in an yi, ina za a sa kamfanin ƙanin matar oga, wanda aka yi wa rajista makon jiya?

Kada wani ya ce min doka ce ta yarda. Dokar sayayya ta tarayya ta 2007 ta ba da damar ba da aiki kai tsaye lokacin bala'i, gaskiya ne. Amma dokar nan dai ta ce da zarar an fita daga halin, a kai wa BPP cikakken rahoto ta tantance. Rabin farko kowa ya haddace shi. Rabi na biyun fa?

Ba mu kaɗai ke da wannan cuta ba. Bayan guguwar Maria a 2017, hukumar lantarkin Puerto Rico ta ba Whitefish kwangilar dala miliyan 300, kamfanin da ma'aikatansa na dindindin biyu ne rak lokacin da guguwar ta sauka. Sai dai can takardar ta fito fili, aka yi ca, cikin 'yan makonni aka soke. Kuma tsarinsu a Amurka shi ne gari ya yi aiki, hukumar FEMA ta mayar masa da aƙalla kashi 75 cikin 100, amma sai da shaida. Kowace motar shara da tikitinta, kuma mai sa ido daban, mai kwashewa daban. Mu kuwa wanda ya yi aikin shi zai ƙirga tifofinsa, injiniya ya sa hannu daga ofis, takalminsa ko laka bai taɓa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ma wani ne. Ranar da ruwa ya shigo, ba masu manyan kamfanoni ke fitowa ba. Mai tifa biyu na unguwa ne, wanda ciyaman ya buga wa waya da tsakar dare ya ce, "Alhaji, taimaka, za mu daidaita." Ya ci bashin gas, ya biya direba da lebura daga aljihunsa, sati biyu suna cikin ruwa. Babu takardar ba da aiki, babu wanda ya rubuta sawu nawa ya yi. In kuɗi sun sauko, sai mai takarda ya karɓa, shi kuma a ce masa fayil na wajen odita. Haka zai ta sintiri sakatariya har wa'adin ciyaman ya ƙare, sabo ya zo ya ce bai san zancen ba. Damina mai zuwa ku buga masa waya ku gani ko zai ɗauka.