Ƙaurar Kwamfuta Mai Kulle: Izinin Wa Za A Nema?

A manyan rumbunan ajiyar bayanai na duniya, inji guda yakan ɗauki kwamfutoci da dama waɗanda ba su da jiki, manhaja ce kurum take kwaikwayonsu. Masana sukan kira kowace irin wannan kwamfuta baƙuwa, ita kuwa manhajar da ke raba musu wuri da lokaci mai masauki. Xen da KVM suna cikin fitattun masu masaukin. Asibitoci da bankuna da ɗakunan binciken ƙwayoyin gado suna hayar irin waɗannan baƙi maimakon sayen injunan kansu.

Inji kuwa dole wata rana ya bukaci gyara. Saboda haka aka ƙirƙiro dabarar ɗauke baƙuwa daga wannan inji zuwa wancan alhali tana cikin aiki. Kamfanin VMware ya fito da tasa a 2003, kana a 2005 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna yadda ake yi da Xen, inda a wani gwajinsu tsayawar aikin ba ta wuce kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Abin ya yi kama da magatakardan da ke kwafe littafin ɗan kasuwa alhali ɗan kasuwar bai daina rubutu ba. Sai ya kwafe shafukan duka, ya dawo kan waɗanda aka sake taɓawa, ya yi ta kewayowa har su rage 'yan kaɗan. A nan ne zai ce a dakata, ya ƙarasa, a ci gaba da ciniki da sabon littafi.

Sharaɗin wannan dabara shi ne magatakarda ya iya ganin abin da ke cikin littafin. Watau mai masauki yana iya karanta duk sirrin baƙuwarsa, haka ma ma'aikacin da ke kula da shi, haka ma ɓarawon da ya fasa shi. Domin toshe wannan kafa ne kamfanin AMD ya bayyana tsarin SEV a 2016, Intel kuma ya bayyana TDX a 2020. A tsarin SEV, kowace baƙuwa tana da mabuɗin sirri nata da ake kulle ma'ajiyar aikinta da shi, mabuɗin kuwa yana hannun wata ƙaramar na'urar tsaro da ke cikin injin, mai masauki ba ya ganinsa. Bugu da ƙari, kullen ya danganta da gurbin da shafi yake zaune. In aka kwashi shafin yadda yake aka kai wani inji, shirme kawai za a tarar.

To, yaya za a yi ƙaura? Hanyar farko da AMD ya tanada ita ce na'urar tsaron ta buɗe kowane shafi, ta sake kulle shi da mabuɗin tafiya, takwararta ta can ta karɓa. Matsalar ita ce yawa. Shafi guda kilobait 4 ne, don haka baƙuwa mai gigabait 16 tana da shafi fiye da miliyan 4, ƙaramar na'urar kuwa ba don irin wannan dako aka ƙera ta ba. Baƙuwa mai yawan aiki tana iya ɓata shafuka fiye da yadda ake kwashe su, ƙaurar ta ƙi ƙarewa. Wannan ya sa wasu masu gina manhaja suka kawo shawarar a dasa ɗan mataimaki a cikin baƙuwar kanta, ya riƙa kulle shafukan da ƙarfin babban injin. Intel kuwa ya ware wata baƙuwa ta musamman mai suna MigTD, wadda aikinta shi ne tantance injin da za a je kafin a miƙa mabuɗi.

Masu bayar da haya suna son sauri, kuma suna da hujja. Injin da ba a iya kwashe baƙinsa ba, ba a iya yi masa gyaran tsaro ba tare da an kashe aikin mutane ba. Amma a wannan sha'ani sauri shi ne ƙaramin lamari. Ƙaura ita ce lokaci guda da sirrin baƙuwa ke fita daga injin da aka amince da shi, kuma mai masaukin da aka ce ba a yarda da shi ba shi ne ke riƙe da hanya. In ya iya zaɓen masauki na gaba shi kaɗai, yana iya kai baƙuwar injin da tsaronsa ya tsufa, ko ƙasar da dokarta ta bambanta. Akwai kuma haɗarin da masu nazarin halittu za su gane nan take: ƙwayar halitta in ta rabu biyu, duka biyun suna rayuwa, amma a nan wajibi ne tsohuwar ta mutu. Baƙuwar banki da ta zama biyu tana iya biyan kuɗi guda sau biyu.

Ba zato ba ne cewa mai masauki zai iya cin amana. A 2018 masu bincike a cibiyar Fraunhofer AISEC ta Jamus sun nuna, da farmakin da suka kira SEVered, cewa mugun mai masauki na iya karkatar da shafuka har baƙuwa ta furzar da sirrinta da kanta. Tsarin SEV-SNP da AMD ya bayyana a 2020 ya zo ne da kariya daga irin wannan karkatarwa. Duk sabuwar ƙofa da aka buɗe domin ƙaura, lalle ne a yi mata irin wannan tankaɗe da rairaya kafin a saka ta cikin KVM.

Abin da ya dace shi ne izinin ƙaura ya zauna a hannun mai bayanan. Tsarin SEV ya riga ya ba shi damar rubuta sharaɗi tun ranar kunna baƙuwa, cewa kada a ɗauke ta sam, ko kada a fitar da ita daga wani rukunin injuna. Bai kamata masu haya su ɓoye wannan zaɓi a ƙarƙashin tsarin da suka saita wa kowa ba. Haka kuma ɗan mataimakin da za a dasa cikin baƙuwa ya zama ƙarami, rubutunsa a buɗe, yadda masana na waje za su iya bincikarsa layi-layi. Asibitin da ya ajiye bayanan gadon marasa lafiya yana iya jure tsayawar minti biyu da tsakar dare in an sanar da shi, domin jerin ƙwayoyin gadon mutum ba kalmar sirri ba ce da za a sauya bayan ta fita, kuma ya shafi 'ya'yansa da 'yan'uwansa waɗanda ba a taɓa neman yardarsu ba.