Buhun Shinkafa Ba Ya Koyar da Walda

Kowace shekara, da zarar watan azumi ya kama, manyan kamfanoni a Najeriya sukan shiga gasar nuna alheri. A jera buhunan shinkafa da jarkokin mai, a gayyato hakimi da 'yan jarida, a ɗauki hoto, a watse. Bayan mako biyu shinkafa ta ƙare, matashin da ya bi layi ya karɓa kuwa yana nan jiya i yau, babu sana'a a hannu. Ciyar da mayunwaci aikin lada ne, babu mai musun haka. Abin da hankali ba zai ɗauka ba shi ne a kira wannan rabo raya al'umma, alhali kamfanin ya rufe wa 'ya'yan unguwar ƙofar wurin aikinsa, inda ake koyon walda, haɗa wutar lantarki, gyaran injuna da sarrafa kwamfuta.

Tsarin buɗe wannan ƙofa ya daɗe a rubuce. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos, kuma doka ta ɗora wa kamfanonin da ta shafa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu duk shekara. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin kuɗin da ya biya. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, domin ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha su shafe watanni a masana'antu kafin kammala karatu.

Sai dai duk wanda ke da ƙani ko ɗa a fannin injiniya ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya ɗauki takarda yana yawo daga Bompai zuwa Sharaɗa, daga Sharaɗa zuwa Chalawa, ana ce masa babu gurbi. In ya dace da mai ƙafa aka karɓe shi, sau da yawa aikinsa aike ne da ɗaukar fayil. A ƙarshe a buga masa hatimi a littafinsa, ya koma makaranta bai taɓa riƙe sifana ba. Gobe kuma shugabannin masana'antu su fito suna kukan cewa masu digiri ba su iya komai ba.

A Jamus ba a ɗauki horar da matasa a matsayin sadaka ba. Ƙarƙashin dokar koyon sana'a ta 1969, matashi yakan sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi shekara biyu zuwa uku da rabi yana raba lokacinsa tsakanin wurin aiki da makaranta, ana biyan sa duk wata. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ke shirya jarrabawar ƙarshe, a sana'o'i sama da 300 da hukuma ta amince da su. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri da marini da baduku duk sun san haƙƙin yaron gida: a ciyar da shi, a koya masa, a yaye shi da kayan aiki. Abin kunya ne a ce kamfani mai ribar biliyoyi ya kasa abin da tela mai keke uku yake yi.

Hujjar da aka saba ji ita ce, in an horar da yaro wani kamfanin zai ɗauke shi. To, ina zai tafi da ƙwarewar? Cikin kasuwar da kamfanin da kansa yake neman ma'aikata a cikinta. Idan kowa ya zauna jiran wani ya horar, ƙarshenta a ɗauko ƙwararru daga waje da tsadar dala. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, da fatan farfaɗo da masana'antun Arewa. Masana'antun nan za su buƙaci masu walda da masu lantarki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka sarakuna, 'yan majalisa da ƙungiyoyin ƙwararru ya kamata su sauya tambayar da suke yi wa kamfanoni. Kada a tsaya kan buhu nawa aka raba. A tambaya: matasa nawa aka ɗauka koyon aiki bana, mata nawa ne a cikinsu, nawa ake biyan su, wane ƙwararre ke kula da su, nawa aka riƙe aiki bayan sun gama? A buga alƙaluman a rahoton shekara, kusa da na riba. Kamfanin da ya amsa waɗannan tambayoyi ya cancanci yabo. Wanda ya kasa, talla ya saya da shinkafarsa, kuma da wannan suna ya dace a kira ta.