Sabon Ƙwan Lantarki, Tsohon Makunni

A makon jiya wani maƙwabcina ya tare ni ransa a ɓace, wai ƙwan lantarki na LED har uku suka mutu a falonsa cikin wata guda, kuma ya ɗaura aniyar zuwa ya ci mutuncin mai shago. Da muka duba, ashe mai shago ba shi da laifi. Mai laifin yana manne a bango, watau makunnin nan na murɗawa mai rage haske.

Wani Ba'amurke, Joel Spira, shi ya ƙera irin wannan makunni a 1959, domin tsohon ƙwai mai zare a ciki. Aikinsa shi ne ya riƙa datse wani yanki na wutar, sau 100 a kowace daƙiƙa a irin lantarkinmu. Zaren bai damu ba, gama kafin ya huce wuta ta komo. Shi kuwa LED ba shi da zare, wata 'yar na'ura ce a gindinsa take tace masa wuta. In ba don datsattsiyar wuta aka yi ta ba, sai ƙwan ya shiga ƙifce-ƙifce da ƙugi, har ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba.

Bugu da ƙari, da yawa daga tsofaffin makunnan ba su aiki sosai sai an ɗora musu kamar wat 40. To, LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ashe kuwa makunnin ba zai san da zamansa ba.

Tun da kuɗin wuta na rukunin A ya kai Naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, magidanta suka ƙara rungumar LED don tsimi. Amma ina amfanin tsimin da zai ƙare a shagon ƙwai?

Saboda haka, mai gida, duba kwali, in ba a rubuta "dimmable" ba, ajiye shi. Ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa maka makunnin da aka yi domin LED, ko kuwa ya mai da na kunnawa da kashewa kurum. Kada ka taɓa waya da kanka, lantarki ba ya gargaɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.