Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan uwa, kwanaki wani ya jingina mana maganar da ba mu faɗa ba. Na san mun yi rubutu a kan batun tun bara, na shiga laluben shafin nan don in fito masa da hujja. Wallahi sai da na kusa ƙarar da datata kafin na gano shi, ya nutse ƙarƙashin hotunan taro da gaisuwar Juma'a. Kafin nan ƙarya ta riga ta zagaye gari.

Abin da nake so mu gane shi ne, duk rubutun da muke zubawa a nan, a gidan wani muke zuba shi. Facebook ne ke zaɓar wanda zai gani da wanda ba zai gani ba. Tun a watan Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai rage nuna abubuwan da shafuka irin namu ke wallafawa, ya fifita na 'yan uwa da abokai. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa ya kwana biyu bai ga rubutunmu ba, alhali kullum muna yi. Kuma ba mu manta da ranar 4 ga Oktoban 2021 ba, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. Ba shari'ar wa ke da gaskiya nake ba, amma wanda duk tarihinsa ke can ya ji a jikinsa.

Don haka shawarata, mu buɗe bulog namu. Da WordPress, wadda ta fito tun 2003, ko da Blogger na Google, a waya ma ana iya yi, kuma akwai na kyauta. Kowane rubutu yana da adireshinsa da kwanan watansa, a kasa su bisa maudu'i, wanda ke nema ya samu cikin minti ɗaya. Nan kuma sai mu riƙa manna adireshin, muhawara ta ci gaba kamar yadda aka saba.

To ta yaya mutane za su san an yi sabon rubutu? Nan RSS ya shigo. Wani ɗan fayil ne da bulog ke sabuntawa da kansa duk lokacin da aka wallafa abu. Kai mai karatu sai ka sauke manhaja irin Feedly ko Inoreader, ka saka mata adireshin, ita ce za ta riƙa zagayawa tana kwaso maka sabo, a jere yadda aka wallafa, babu mai boye maka wani. A WordPress, /feed kawai za ka ƙara a ƙarshen adireshin shafin. BBC Hausa ma na da nata, ka haɗa su wuri guda, ka karanta da safe kana shan shayi.

Na san wani zai ce ai Blogger ɗin ma na Google ne. Gaskiya ne, kuma Google ɗin nan ne ya rufe manhajarsa ta Google Reader a Yulin 2013. Amma masu amfani da ita sun kwashe jerin shafukan da suke bi sun koma wasu manhajojin, ba su rasa komai ba. Haka bulog, yana ba ka damar sauke dukkan rubutunka a fayil ɗaya ka yi ƙaura da shi.

Aikin bai wuce na mutum biyu ba: ɗaya ya kwashe tsofaffin rubuce-rubucenmu ya jera su, ɗaya ya riƙa sauke kwafi duk ƙarshen wata. Kalmar sirri kuma kada ta zauna a hannun mutum ɗaya, mun san halin siyasa, na yau ba lallai ne shi ne na gobe ba. Wanda zai iya aikin ya yi magana a ƙasa.