Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanata Barau Jibrin: A Haɗa Makarantun Kabo da Gwarzo Kan Batun Shara

Mai girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa,

Maganata kan makarantu biyu ce da ke maƙwabtaka a mazaɓarka ta Kano ta Arewa. A Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, wadda ta daɗe tana yaye ɗalibai. A Kabo, garinku, akwai kwalejin fasaha ta tarayya da ka yi ruwa ka yi tsaki aka kafa, wadda a 2025 aka ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Roƙona shi ne ka sa baki su haɗa hannu a kan aiki guda, binciken da zai mayar da sharar garuruwanmu da tarkacen gonakinmu abin amfani.

Duniya yanzu tana ta maganar tattalin arzikin da ba a zubar da komai, inda abin da wani ya gama da shi yake zama jarin wani. Mu a ƙasar Kano da shi muka tashi. Kara ya zama danga, harawa ta shiga turke, kashin dabba ya koma gona. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya bibiyi ƙauyukan kewayen Kano, ya nuna yadda manomi yake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta gaji ba, saboda taki, har da wanda jakuna suke ɗaukowa daga birni a mangala. Har gobe maƙeri yana narka gwangwani ya zuba tukunya, ɗan gwangwan yana bin lungu da sikeli.

Abin da ya canja, ranka ya daɗe, ita ce bolar kanta. A zuba mangalar takin bola a gona yau, a gani: ledar ruwan sha, fasasshiyar kwalba, mataccen batir, wani lokaci har da allurar asibiti. Manomi da 'ya'yansa su duƙa suna tsincewa da hannu, wadda ta tsere musu ta kwanta cikin ƙasa tana tare saiwa. Da rani akuya ta shiga kiwo ta haɗiye ledar, ta yi ta rama mai ita bai san dalili ba, sai mahauci ya farke tumbi ya tarar da dunƙule. Duk mai zuwa kasuwar Getso ya san wannan labari. Ga takin zamani ya yi tsada, talaka ba shi da madogara sai na gargajiya, shi kuma ya gurɓace.

A nan ne aikin malamai ya taso. Su auna takin bolar Gwarzo da Kabo, su faɗa mana ko akwai dalma ko wata guba a ciki, sannan su ƙera rariya mai sauƙi da mai walda na gari zai iya kwaikwaya. Su gwada matse ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa su zama makamashin girki, a rage wa itatuwanmu gatari. Su samar da ƙaramin injin niƙa roba, domin matasanmu su daina sayar da ita a arha, su kai niƙaƙƙiya masana'antun Sharaɗa da Chalawa a farashi mai kyau. Ba daga tushe za a fara ba. Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana da masana ƙasa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana aikin samar da iskar girki daga kashin shanu, asusun TETFund kuma yana ba da kuɗin bincike. Tun 2020 Najeriya ta amince da manufar kula da sharar roba, amma manufa ba ta tsince leda a gona.

Ɗaya makarantar ta jiha ce, ɗaya ta tarayya, kuma an san yadda siyasa take raba irin waɗannan. Kai kake da girman da za ka kira shugabanninsu da na ƙananan hukumomin biyu su zauna, a rubuta yarjejeniya, a ware fili da kuɗi a kasafi. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a gindaya: manoma, mahauta, maƙera da 'yan gwangwan su samu kujera a zaman, a kuma biya su ladan iliminsu. Duk binciken da aka gama, a kai shi kasuwa a bayyana shi da Hausa, a gwada a gonar da jama'a za su gani da idonsu.

Jami'ar Kabo sabuwa ce, yanzu ake ɗora mata alƙibla. Idan tun farko ta saba da cewa tambayar manomi ita ce tambayar bincike, ɗalibanta za su fita da sana'a a hannu, garuruwanmu su samu tsafta, gonakinmu su samu taki mai kyau. Ina roƙon a kira wannan zama kafin damina mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan Kano ta Arewa