Intanet a Chetimari: idan hanya ta yi ƙunci, wa zai fara wucewa?

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, maganar intanet ta sake salo a jahar Diffa. A da kukan jama'a shi ne babu rezo. Yanzu a garuruwan bakin babbar hanyar RN1 irin su Chetimari, wata tambaya ta ƙaru: ɗan abin da ya samu, yaya ake raba shi?

Sana'ar wifi zon da ta bazu a ƙasar ta sa tambayar ta zama ta kowa. Mutum guda ne ke biyan kuɗin layi, ya kafa eriya, ya riƙa sayar da tikiti na awa ko na wuni. Layin kuwa ɗaya ne, kamar injin ban-ruwa guda da ke shayar da fadamun tattasai da yawa a bakin Komadugu. In na kusa ya buɗe tasa hanya gaba ɗaya, na ƙarshe sai ya ga laka.

Abin da masu sayen tikiti da dama ba su sani ba shi ne, ba kowane aiki ke shan layi daidai da wani ba. Kiran murya ta WhatsApp ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na megabit a daƙiƙa, amma ba ya jure jinkiri: da zarar bayanai sun tsaya jira, murya ta fara yankewa. Bidiyo mai kyan hoto kuwa yana iya cin kusan megabit 5, sai dai yana tara abin da zai nuna tun kafin a kalla, don haka ɗan jira ba ya ɓata shi. Idan na'urar da ke raba layi ba ta bambanta su ba, wanda ya riga zuwa shi ke wucewa. Haka ɗan kasuwar da ke cinikin buhunan tattasai da abokin hulɗarsa na Damagaram zai yi ta "alo, alo", saboda wayoyi goma na kusa da shi suna sauke fim.

Maganin ba ya buƙatar sabon layi. Na'urori irin su MikroTik, da masu wannan sana'a suka saba da su, suna iya ƙayyade rabon kowane tikiti, su kuma sa kira da saƙo gaba da bidiyo. Abin da ke kawo cikas shi ne kwaɗayin sayar da tikitin da ya fi ƙarfin layin.

Amma fifiko yana da nasa haɗari. Sa murya gaba da fim adalci ne, domin mai kallo ba ya rasa komai. Sa mai kuɗi gaba da talaka a ɓoye, alhali tikitinsu iri ɗaya ne, wannan cuta ce. A nan ne hukumar ARCEP, wadda a 2025 ta nemi masu wifi zon su daidaita takardunsu, ke da sauran aiki: izini kaɗai bai isa ba, ya kamata mai saye ya san ƙarfin da aka ware masa da yawan mutanen da suke rabawa.

Wasu na sa rai ga wayar fibar da ta ratsa Sahara, wadda Bankin Raya Afirka ya tallafa, mai reshe daga Diffa zuwa N'Guigmi har iyakar Chadi. Za ta faɗaɗa hanya, babu shakka. Sai dai tsinkewar wayoyin ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris na 2024 ta nuna cewa babban layi ma yakan tsuke dare ɗaya. A jahar da ke cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, inda kira guda kan tabbatar wa iyali cewa matafiyinsu ya sauka lafiya, gara a tsara wanda zai fara wucewa tun layi yana da sarari.